MOUND BAYOU: GARIN DA LIKITA YA RUBUTA WA MAI YUNWA ABINCI

Wanda ya bar birnin Memfis da mota ya nufi kudu a kan babban titin nan mai lamba 61, ba zai yi nisa ba sai ya ga tudu ya ƙare, ƙasa ta shimfiɗe kamar an daɓe ta, har iyakar ganin ido. Nan ne farkon yankin da mutanen Amurka suke kira Delta, a arewa maso yammacin Jihar Misisipi. Tsawonsa ya kai mil 200, faɗinsa kuwa wajen mil 70 a inda ya fi buɗewa, yana kwance tsakanin kogin Misisipi daga yamma da kogin Yazu daga gabas. Shekaru dubbai kogin yana cika yana batsewa yana zuba laka a wannan kwari, shi ya sa ƙasar ta zama baƙa wuluk, mai albarka ainun. Dama da hagu ba abin da matafiyi zai gani sai gonakin auduga da waken soya da masara da shinkafa, da tafkunan da ake kiwon tarwaɗa, da rumbunan ƙarfe suna ƙyalli a rana. Mutane ne ba zai gani da yawa ba. Waɗanda suka rage kuwa suna cikin mafi talaucin al'ummar Amurka, ko da yake a kan ƙasa mai arziki suke kwana suke tashi.

Bayan tafiyar wajen mil 100, idan aka wuce garin Clarksdale, sai a ga allo a gefen titi ɗauke da sunan Mound Bayou. Sabon titi ya bi ta gefen gari, saboda haka wanda bai yi niyyar tsayawa ba yana iya wucewa bai san ya bar wani abu a baya ba. Garin ƙarami ne, mutanensa 1,500 da 'yan kai bisa ga ƙidayar 2020, kusan dukkansu baƙar fata. Ga majami'u, ga gidajen katako da na jan bulo, ga kantuna da yawa a rufe. Amma duk mai son ya fahimci yadda gwamnatin Amurka take biya wa talakanta kuɗin magani, da inda ta kai da inda ta gaza, to, ya kamata ya yi zango a nan.

Mai karatu ya sani cewa a Amurka magani ba kyauta ba ne. Galibin mutane suna samun inshorar lafiya ta wurin aikinsu. Kwana ɗaya a gadon asibiti yana iya cinye dubban daloli, wanda ba shi da inshora kuwa ciwo ɗaya ya isa ya jefa shi cikin bashin da zai daɗe bai fita ba. Wannan ƙaramin gari ya ɗanɗana hanyoyi uku na raba talaka da wannan damuwa: taimakon kai da kai, da asibitin unguwa da kuɗin gwamnati, da kuma inshorar gwamnati da ake kira Medicaid.

GARIN 'YANTATTUN BAYI

An kafa Mound Bayou a cikin watan Yuli na shekarar 1887. Waɗanda suka kafa shi su ne Isaiah Montgomery da ɗan'uwansa Benjamin Green, dukkansu a cikin bauta aka haife su, a gandun wani Bature mai suna Joseph Davis, wan Jefferson Davis, watau shugaban jihohin kudu da suka yi tawaye a yaƙin basasa na 1861 zuwa 1865. A lokacin wani kamfanin jirgin ƙasa ya shimfiɗa dogo ya ratsa Delta, yana neman mutanen da za su zauna a gefen hanyar su sare kurmi su yi noma. Wurin fadama ne mai duhun itatuwa, cike da macizai da namun daji da sauro, Turawa suna gudunsa saboda zazzaɓi. Montgomery da Green suka sayi eka 840 a kan dala 7 kowace eka, suka kira 'yan'uwansu, aka shiga aiki da gatari da zarto. Sunan garin ya samo asali daga wani tudun ƙasa da mutanen farko na wannan nahiya suka tara, kusa da inda waɗansu ƙoramu suka haɗu.

Kafin a shekara ashirin da biyar gari ya tsaya da ƙafarsa. Wani ɗan kasuwa, Charles Banks, ya buɗe banki a 1904. Aka sami injunan gurzar auduga, da makarantu, da jarida, da ɗakin karatu. A 1907 Shugaba Theodore Roosevelt ya tsayar da jirginsa a tashar garin ya yi wa jama'a jawabi, a 1912 kuma shahararren malamin nan Booker T. Washington ya zo bikin buɗe masana'antar tatsar man angurya. A zamanin da baƙin mutum a sauran Misisipi ba shi da ikon shiga ta ƙofar gaba, a Mound Bayou shi ne magajin gari, shi ne ɗan sanda, shi ne mai banki.

Sai dai wannan zaman lafiya an biya shi da tsada. A taron tsara tsarin mulkin jihar na 1890, Montgomery shi kaɗai ne wakili baƙar fata, kuma ya goyi bayan sharaɗin iya karatu wanda aka yi amfani da shi aka hana yawancin baƙaƙen fatar jihar jefa ƙuri'a har shekaru saba'in da wani abu. Har yau masana tarihi suna gardama a kan ko dabara ce ta kare garinsa, ko kuwa sayar da 'yan'uwa. Daga baya farashin auduga ya faɗi, banki ya rushe a 1914, gobara kuma ta cinye wani sashe na tsakiyar kasuwa a 1941.

ASIBITIN DA TALAKAWA SUKA GINA

A tsakiyar gari, a bakin tsohon titi, akwai wani gini wanda tsofaffi ba sa wuce shi ba tare da sun nuna wa baƙo ba. Wannan shi ne Asibitin Taborian. A waccan zamani yawancin asibitocin Misisipi ko dai ba sa karɓar baƙin majinyaci sam, ko kuwa su ajiye shi a ɗakin ƙarƙashin ƙasa ko a wani lungu dabam, likita baƙar fata kuma ba a barinsa ya bi majinyacinsa ciki. Mace mai naƙuda sai ungozomar ƙauye, wanda ciwon ciki ya turnuƙe kuwa sai addu'a.

Wata ƙungiyar taimakon juna ta baƙaƙen fata, wadda ake kira 'Yan Tabor, ita ce ta ɗaura aniyar maganin wannan. Shekara da shekaru membobinta, galibinsu masu noma gonar wani a raba amfani da 'yan ƙodagon tsinkar auduga, suna zuba ɗan abin da suka samu kamar adashi, har aka tara abin da ya gina asibiti mai gado 42, aka buɗe shi a 1942. Babba yana biyan dala 8 da santi 40 a shekara, wannan ya ba shi damar kwanciya har kwana 31, da aikin tiyata idan ta kama, da kuma kuɗin jana'iza in kwana ya ƙare. Makarantar likitoci ta Meharry da ke Nashville tana aiko da matasan likitoci suna koyon aiki suna kuma taimakawa. Cikin 'yan shekaru membobin ƙungiyar a jihar suka kai dubun dubata.

Babban likitan fiɗa na farko shi ne Dakta T.R.M. Howard, mutum mai kuzari da baki. Daga baya ya rabu da 'Yan Tabor ya buɗe nasa asibitin a tsallaken titi, sai ga ƙaramin gari da asibiti biyu. A 1951 ya kafa ƙungiyar neman haƙƙin baƙaƙen fata wadda taronta na shekara yakan tara dubban mutane a garin. Shi ne ya ɗauki wani saurayi mai suna Medgar Evers aikin sayar da inshora a 1952, yawon da Evers ya yi gida gida a gonakin Delta kuwa shi ya buɗe masa ido ya zama jagoran gwagwarmaya, har aka harbe shi a 1963. A 1955, sa'ad da ake shari'ar waɗanda suka kashe yaron nan Emmett Till, a gidan Dakta Howard mahaifiyar yaron da waɗansu shaidu suka sami mafaka.

INJI YA KORI HANNU

Taimakon kai da kai yana tafiya ne muddin mutum yana da abin zubawa. A 1944, a wani gandu kusa da Clarksdale, aka noma auduga aka girbe ta da inji tun daga shuka har tsinka, ba tare da hannun ɗan ƙodago ba. Inji ɗaya yana yin aikin mutum hamsin. Bayansa maganin kashe ciyawa ya zo ya kori fartanya. A 1967 doka ta sa a riƙa biyan ma'aikacin gona aƙalla dala ɗaya a awa, masu gandaye kuwa suka ga gara su sallami sauran mutanen da suka rage. Masu ƙarfi suka hau jirgi suka tafi Shikago da sauran biranen arewa. Aka bar tsofaffi da mata da yara a cikin bukkokin katako masu yoyo, ba famfo, ba salga, ba aikin yi. Ko takardun sayen abinci da gwamnati ta fito da su, a lokacin sai mutum ya ba da kuɗi kafin a ba shi, wanda ba shi da ko anini kuwa sai ya zauna da yunwarsa.

A watan Afrilu na 1967 ɗan majalisar dattijai Robert Kennedy ya zo garin Cleveland, wajen mil goma kudu da Mound Bayou, tare da wata matashiyar lauya mai suna Marian Wright. Ya shiga gidaje ya ga yara masu kumburarren ciki waɗanda ba su karya kumallo ba. Labarin ya girgiza ƙasar, domin mutane da yawa ba su yarda akwai tamowa a Amurka ba. Gani ya kori ji.

Shekara biyu kafin wannan, ranar 30 ga Yuli, 1965, Shugaba Lyndon Johnson ya sa hannu a kan dokar da ta haifi shiri biyu: Medicare domin tsofaffi masu shekara 65 zuwa sama, da Medicaid domin matalauta. Amma dokar ta bar wa kowace jiha ikon shiga Medicaid lokacin da ta ga dama, Misisipi kuwa ba ta fara ba sai a farkon 1970. Taimakon da ya fara isowa Mound Bayou ta wata ƙofa dabam ya shigo, kuma tushensa a Afirka yake.

DAGA PHOLELA ZUWA DELTA

A 1940 waɗansu likitoci biyu, miji da mata, Sidney da Emily Kark, suka buɗe ɗakin shan magani a Pholela, wani yankin karkarar Zulu a gindin duwatsun Drakensberg na Afirka ta Kudu. Ra'ayinsu shi ne likita ya ɗauki dukan ƙauye a matsayin majinyacinsa: ya ƙidaya gidaje, ya san ruwan da ake sha da abincin da ake ci, ya horar da 'yan ƙauyen su zama ma'aikatan lafiya, ya sa a yi lambu a tona salga. A 1957 wani ɗalibin likita Ba'amurke, Jack Geiger, ya je ya yi watanni yana koyon aiki a wurinsu. Da ya zo Misisipi a 1964 tare da masu neman 'yancin jefa ƙuri'a, sai ya ga ashe irin talaucin da ya gani a Afirka yana nan a ƙasarsu.

Geiger da abokin aikinsa Dakta Count Gibson na Jami'ar Tufts suka kai shawara ofishin yaƙi da talauci da Shugaba Johnson ya kafa, aka ba su kuɗi a 1965 domin su buɗe cibiya biyu, ɗaya a birni, ɗaya a karkara. Ta birnin aka buɗe a unguwar Columbia Point ta Boston a ƙarshen wannan shekara. Ta karkarar kuwa aka zaɓi Mound Bayou, saboda hukumar garin a hannun baƙaƙen fata take, ga kuma asibitoci a kusa. Biyo da kuɗin ta hannun jami'a ma dabara ce, domin gwamnan jiha ba shi da ikon hana tallafin da aka ba makarantar ilmi mai zurfi. A ƙarshen 1967 aka fara duba marasa lafiya a cikin wani tsohon gidan limamin coci da aka gyara.

Kafin a buɗe ƙofa, wani ma'aikacin jin daɗin jama'a mai suna John Hatch ya yi watanni yana yawo a arewacin gundumar Bolivar, yana kwana a gidajen mutane, yana zama a majami'unsu, har tsinkar auduga ya yi tare da su. Iyalai da yawa a lokacin ba sa samun dala 1,000 a shekara. Ya tambaye su abin da ya fi damunsu, amsar da ya fi ji kuwa ita ce abinci, da ruwa, da rufin ɗaki. Ya tattara su cikin ƙungiyoyin lafiya guda goma, kowace da wakilanta a majalisar da take ba cibiyar shawara.

Da yara masu tamowa suka yi ta zuwa, likitocin suka fara wani abin da ba a taɓa ji ba. Sai su ɗauki takardar magani su rubuta madara kaza, ƙwai kaza, nama da kayan lambu kaza. Uwa ta kai takardar kantin unguwa a ba ta kaya, mai kanti ya aiko da lissafi, cibiya ta biya daga kuɗin ɗakin magani. Hukuma ta ji labari ta aiko a yi bincike, aka ce kuɗin magani domin magani aka ba da shi. Dakta Geiger ya amsa cewa shi dai a littattafan likitanci da ya karanta, maganin da aka rubuta wa tamowa shi ne abinci. Ba a sami abin da za a ce masa ba.

Amma kowa ya san takarda ba za ta ciyar da gunduma har abada ba. Saboda haka aka kafa gonar haɗin kai, iyalai ɗaruruwa suka shiga, suna noma dankali da kuɓewa da wake da ganyaye a ƙasar da a da auduga kaɗai aka sani, wanda ya yi aiki ya ɗauki rabonsa. Ma'aikatan tsabta suka haƙa rijiyoyi, suka gina salga, suka sa wa tagogi raga saboda sauro da ƙuda. Aka sa motoci suna ɗauko marasa lafiya daga ƙauyuka. Ungozomomi masu ilmi suna bin masu ciki har gida. Da dare kuma ana karatu. Wata mata mai suna L.C. Dorsey, 'yar manoman gandu wadda ta bar makaranta tun tana yarinya, ta shugabanci gonar, ta koma karatu har ta sami digirin dakta, sa'an nan ta dawo ta riƙe cibiyar kanta daga 1988 zuwa 1995.

Irin da aka shuka a Boston da Mound Bayou ya yaɗu. A yau akwai ƙungiyoyin cibiyoyi irin wannan wajen 1,400 a Amurka, suna duba mutum fiye da miliyan 30 a shekara. Doka ta ɗora musu sharaɗi biyu: kada su kori kowa saboda rashin kuɗi, sai dai a rage masa gwargwadon samunsa, kuma fiye da rabin 'yan kwamitin da ke mulkin cibiya su kasance daga cikin masu shan magani a wurin. Dakta Geiger ya rasu a 2020 yana da shekara 95.

Asibitin Taborian kuwa bai ci moriyar sabon zamani ba. Daga 1966 gwamnatin tarayya ta ƙi biyan kuɗin Medicare ga duk asibitin da yake nuna bambancin launin fata, sai manyan asibitocin Turawa suka buɗe ƙofofinsu. Wannan nasara ce babba, amma ta janye majinyata daga ƙananan asibitocin baƙaƙen fata, ga kuma sababbin ƙa'idodin gini da kayan aiki masu tsada. A 1967 aka haɗe asibitocin garin biyu da tallafin gwamnati, a 1983 kuma aka rufe.

YADDA MEDICAID YAKE AIKI

Shirin Medicaid ba shi da asibitin kansa. Kati ne ake ba wanda ya cancanta, ya je wurin likita ko asibitin da ya yarda da katin, gwamnati ta biya. Kuɗin kuwa karo-karo ne tsakanin gwamnatin tarayya da ta jiha. Jiha mai arziki tarayya tana biya mata rabi, matalauciya kuma a ƙara mata. Da yake Misisipi ce ƙarshe a wajen samun kuɗin mutum ɗaya, ita ce take karɓar kaso mafi tsoka: a cikin kowace dala huɗu da aka kashe, fiye da uku daga Washinton suke fitowa. A ƙasar baki ɗaya shirin yana ɗauke da mutum wajen miliyan 70, watau kusan ɗaya cikin biyar. Shi yake biyan kuɗin haihuwa huɗu cikin goma a Amurka, a Misisipi kuwa fiye da rabi. Shi ne kuma yake riƙe da yawancin tsofaffin da ke kwance a gidajen jinya, kuma shi ne babbar hanyar samun kuɗin cibiyoyi irin ta Mound Bayou.

Inda gizo yake saƙa shi ne, kowace jiha ita take yanke wanda ya cancanta, a cikin iyakar da dokar tarayya ta shata. A Misisipi ana ɗaukar yaran matalauta, da mata masu ciki, da naƙasassu, da tsofaffi marasa hali. Uba ko uwa kuwa sai samunsu ya yi ƙasa ƙwarai, wajen rubu'in ma'aunin talauci na tarayya, alhali ma'aunin kansa a 2025 dala 26,650 ne a shekara ga iyali mai mutum uku. Baligin da ba shi da 'ya'ya kuma ba naƙasasshe ba, ko da ba shi da komai a duniya, ba ya shiga.

A 2010 dokar lafiya ta Shugaba Barack Obama ta nemi toshe wannan kafa, ta ce a ɗauki duk baligin da samunsa bai wuce kashi 138 cikin 100 na ma'aunin talauci ba. A 2012 Kotun Ƙoli ta yanke cewa ba za a tilasta wa jihohi ba. Jihohi 40 da babban birnin tarayya sun karɓa, tarayya tana biyan kashi 90 cikin 100 na kuɗin sababbin shiga. Jihohi goma suka ƙi, Misisipi tana cikinsu.

RAMIN DA KE TSAKANI

Sakamakon wannan ƙi shi ne wani rami da dubban ma'aikata suka faɗa ciki. A ɗauki misalin mai dafa abinci a gidan sayar da abinci, ko mai yankan kifi a masana'antar tarwaɗa, ko direban tarakta da aikinsa na damina ne. Samunsa ya fi ƙarfin Medicaid na jihar, amma bai kai ma'aunin da ake fara ba da rangwamen sayen inshorar kasuwa ba. Idan hawan jini ko ciwon sukari ya kama shi, cibiyar Mound Bayou za ta duba shi ta ba shi magani da rahusa. Amma ranar da ya bukaci likitan zuciya, ko aikin tiyata, ko maganin ciwon daji, cibiya ba ta da su. Sai ya yi ta haƙuri har ciwo ya ci ƙarfinsa a kwashe shi zuwa ɗakin gaggawa, inda wata doka ta 1986 ta hana a kore shi. A ceto ransa, a sallame shi, takardar bashi ta biyo shi gida. Asibiti kuma ya rubuta hasara.

Hasarar nan ce take cin asibitocin Delta a hankali. A 2022 asibitin Greenville ya rufe sashen da ake sa bakwaini a kwalba, wanda shi kaɗai ne a yankin, a wannan shekara kuma asibitin Greenwood ya daina karɓar haihuwa. Mace mai naƙuda a waɗansu ƙauyuka sai ta yi tafiya mai nisa kafin ta kai gadon haihuwa. A 2024 jarirai 9.7 cikin kowane 1,000 da aka haifa a Misisipi sun mutu kafin su cika shekara, alhali a ƙasar baki ɗaya abin bai kai 6 ba, kuma mutuwar jariran baƙaƙen fata ta ninka ta Turawa. A watan Agusta na 2025 ma'aikatar lafiya ta jihar ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan wannan al'amari.

Ba a ce ba a taɓuka komai ba. A 2023 jihar ta ƙara wa'adin katin mai jego daga kwana 60 zuwa shekara guda. A 2024 majalisar wakilan jihar ta amince da faɗaɗa Medicaid da gagarumin rinjaye, abin da aka ƙiyasta zai shigar da mutum wajen 200,000, amma majalisar dattijai ta dage sai an sa sharaɗin aikin yi, Gwamna Tate Reeves kuma yana adawa da shirin tun asali, har zaman majalisa ya ƙare ba a daidaita ba. Masu adawa suna cewa bai kamata mai ƙarfi a jika ya dogara ga gwamnati ba, kuma wa ya san ranar da Washinton za ta janye hannunta ta bar jiha da kaya? Masu goyon baya, har da shugabannin asibitoci da 'yan kasuwa da dama, suna cewa yawancin mutanen nan aiki suke yi, kuma harajin 'yan Misisipi yana biya wa talakawan waɗansu jihohi abin da aka hana nasu.

Ranar 4 ga Yuli, 2025, Shugaba Donald Trump ya sa hannu a kan wata doka wadda ofishin kasafin kuɗi na majalisar tarayya ya ƙiyasta za ta rage abin da tarayya take kashewa a Medicaid da wajen dala biliyan 900 cikin shekara goma. Dokar ta ɗora wa baligan da suka shiga ta ƙofar faɗaɗawa sharaɗin aikin awa 80 a wata, ta kuma taƙaita hanyoyin da jihohi suke bi su ƙara wa asibitoci kuɗi, ko da yake ta ware dala biliyan 50 domin lafiyar karkara. Asibitocin Delta da suke tsaye da ƙafa ɗaya, lissafin nan ya shafe su kai tsaye.

ABIN DA YA RAGE A GARIN

Baƙon da ya zagaya Mound Bayou da ƙafa ba zai ɗauki awa ɗaya ba. Zai ga gidan jan bulo na Isaiah Montgomery, wanda aka gina a 1910, gwamnati kuma ta sa shi cikin gine-ginen tarihi na ƙasa. Zai ga tsohon ginin banki, da Asibitin Taborian. Babbar makarantar sakandaren garin an rufe ta a 2018 aka haɗa ɗalibanta da na garin Shelby. Matasa da yawa da sun gama karatu sai su kama hanyar Memfis ko Atlanta, amma a watan Yuli na kowace shekara 'yan asalin garin sukan dawo daga nesa domin bikin tunawa da ranar da aka kafa shi.

Wurin da ya fi ko'ina motsi a ranar aiki shi ne Cibiyar Lafiya ta Delta, wadda yanzu ragamarta tana hannun mutanen yankin, tana kuma da rassa a waɗansu garuruwan maƙwabta. Tun da safe motoci suke cika harabarta. Akwai mai ciki da ta zo awo, da tsohon da ya zo a gwada masa jini, da yaron da za a yi wa allurar rigakafi ko a cire masa haƙori. Waɗansu suna riƙe da katin Medicaid, waɗansu na Medicare, waɗansu kuwa ba su da kowane kati sai takardar shaidar ɗan abin da suke samu, wadda a kanta za a yanke musu abin da za su biya. Jikokin waɗanda suka zuba dala 8 da santi 40 suka gina asibiti da guminsu suna cikin wannan layi. Hausawa sun ce lafiya uwar jiki. A Mound Bayou an daɗe da sanin haka, gardamar da ta rage tsakanin majalisar jiha da ta tarayya ita ce wanda zai biya kuɗinta.